Daga Suna Zuwa Yaye: Tarihin Jego a Unguwar Birik ta Yawunde

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, wadda mazaunanta kan gajarta su ce Birik, abin da zai fara ambata shi ne tsire da kilishi, da shagunan teloli, da babban masallaci. Tarihin da aka fi bayarwa game da ita ma na maza ne: fatake da mahauta da malamai da sarakunan Hausawa. Amma zango ba ya zama gari sai an haihu a cikinsa. Falke yana iya shekara goma a wuri yana kiran kansa baƙo, amma ranar da aka binne mabiyiyar ɗansa a bayan ɗaki, magana ta canza. Shi ya sa nake so mu leƙa tarihin wannan unguwa ta ƙofar ɗakin mai jego, mu ga wa ya riƙe ta a da, wa kuma yake riƙe da ita yau.

Jamusawa ne suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, a ƙasar ƙabilar Ewondo. Ba a daɗe ba fataken Hausawa suka iso, suna bin hanyar da ta gangaro daga Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko, suna cinikin hauren giwa da goro da tufafi da shanu. Jamusawa sun fice a farkon 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransawa suka gaje su, suka mai da garin hedikwatar mulki. A zamaninsu ne zaman Hausawa ya tattara a gefen da ake buga jan bulo, kuma daga wannan sana'a unguwar ta samo sunanta. Sannu a hankali Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Mali da Nijar da Senegal suka shigo, har Birik ta zama cibiyar Musulmin birnin.

To, yanzu a dubi halin matar da naƙuda ta kama a wannan zango shekara ɗari da suka wuce. A ƙasar Hausa, al'ada ta riga ta tsara mata komai. Idan cikin fari ne, takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can. Ungozoma ce ke yanke cibi, ita ke wanke jariri. Tsofaffi ke dafa ruwan wanka safe da yamma, a tsoma ganyen runhu a fyaɗa mata, a dama mata kunun kanwa, a yi mata kauri da yaji. Hatta kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, tana yiwuwa ne domin akwai wasu hannuwa da za su ɗauke shi. Wanda yake son ganin yadda wannan tsari yake a ƙasar Zazzau ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. A ciki za a ga cewa haihuwa da suna da yaye duk aikin dangi ne, uwa ɗaya ce kawai daga cikin masu hidimar.

Matar Yawunde ba ta da wannan gata. Gidan iyayenta yana can bayan tafiyar makonni da ƙafa. Wasu matan ma ba Hausawa ba ne tun asali, domin fatake da yawa sun auri 'yan ƙasar da suka tarar a hanya, sai a gidan miji suka koyi Hausa da al'adunta. Ƙasar kanta daban take. Kurmi ne mai damina biyu a shekara, inda rogo da ayaba da masara suka fi gero, kanwa kuwa sai an ɗauko ta daga arewa, daga yankin Tafkin Chadi.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne tsarin zango kansa. A kowane zango na Hausawa, daga Kumasi zuwa Sabo ta Ibadan, akwai maigida mai sauke baƙi, yana ajiye musu kaya, yana tsaya musu a ciniki. Abin da masu tarihi ba su cika faɗa ba shi ne cewa bayan zauren maigida akwai uwargida. Ita ke zama uwar duk yarinyar da aka kawo amarya daga nesa. Ita za ta ce, "'Yar nan, kwanta, ba ke za ki ɗora tukunya ba yau." Maƙwabciya ta zama gwaggo, tsohuwar layi ta zama kaka, ba tare da an haɗa jini ba. Haka jego ya rayu a kurmi: dangin da aka baro aka sake ƙirƙiro su daga maƙwabta.

Al'adar ta kuma tarar da 'yan'uwanta a can. Matan kudancin Kamaru su ma suna gasa jikin mai haihuwa da ruwan zafi. Bamileke, waɗanda suke da yawa a Yawunde, suna da miyar yauƙi da suke kira nkui, wadda ake yi wa mai jego musamman. Kanwa kuwa ta shiga girkin Kamaru da sunanta na Hausa, har yau haka ake kiranta a kasuwar Mokolo. Wato matan Birik ba su zauna cikin mutanen da ke ganin jego baƙon abu ba ne.

Kwanakin jariri a wancan zamani ba a rubuce suke ba, tsofaffi ke riƙe da lissafinsu a ka. Ranar haihuwa a yi masa kiran salla a kunne. Rana ta bakwai a raɗa suna da safe, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski, mata su yi nasu taron da yamma. Bayan kwana arba'in mai jego ta ci ado ta fita yawon arba'in, ta kai jariri gidajen da suka zo barka. Daga nan sai a zuba ido: yaushe wuyansa zai tsaya a fara goya shi da kyau, yaushe za a girke shi a koya masa zama, yaushe zai fara rarrafe, yaushe haƙori zai tsaga, yaushe zai kama bango ya miƙe a riƙa yi masa tatata. Ƙarshen zangon shi ne yaye, wajen shekara biyu, daidai da wa'adin shayarwa da ya zo a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. A al'ada kaka ake kai wa yaro ya kwana biyu har ya manta da nono. Idan aka lura, kowane mataki yana da mai shi: suna na uba da malamai, aski na wanzami, koyon zama na yayye da 'yan goyo, yaye na kaka. Amfanin wannan rabo shi ne uwa ba ta taɓa zama ita kaɗai da fargabarta.

Abu na farko da ya sauya lissafin shi ne hanya. Bayan samun 'yancin Kamaru ranar 1 ga Janairu 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo ɗan Garwa, 'yan arewa sun ƙaru a babban birnin, ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa. A 1974 layin dogo daga Yawunde ya isa Ngaundere, nisan da ya haura kilomita 600. Tafiyar makonni ta koma ta kwana guda. Yarinya mai cikin fari ta sami damar komawa gida wanka, ko kuma uwarta ta hau jirgi ta gangaro da ƙunshin kanwa da gero da daddawa da yajin jego. Abin da ya gagari matan farko ya zama mai sauƙi ga jikokinsu.

Abu na biyu shi ne asibiti. A shekarun 1970, wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a yankin ƙwarai. Sun danganta yawansa da shan kunun kanwa da yawa, saboda gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafi na wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ciwon yana da wasu dalilai, har da hawan jini, amma gargaɗin ya tsaya: mai jego da ƙafafunta suka kumbura, numfashinta yana sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, asibiti take buƙata a ranar, ba ƙarin kanwa ba. Haka kuma likitoci suka yi ta jan kunne kan cire beli da wanzami ke yi, da matse dakashi a zubar da sunan ƙazanta, alhali shi ne kariyar farko da jariri ke samu. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Wannan ita ce shawarar da ta fi haɗa surukai da matan 'ya'yansu gardama, domin kaka tana ganin hana jariri ruwa rashin imani ne.

Tare da asibiti sai ga sabuwar kalanda. Shirin riga-kafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1974 ya kawo nasa ranakun: allurar tarin fuka da ɗigon shan inna a haihuwa, sannan mako 6, mako 10, mako 14, sai ƙyanda da shawara a wata 9. A lura, mako shida kwana 42 ne, wato fitar arba'in da komawa awo kusan rana ɗaya suke faɗowa. Ranar 22 ga Janairu 2024 kuma, a garin Soa da ke gefen Yawunde, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa riga-kafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yau da kullum, ana farawa daga wata shida. Ga unguwa mai cunkoso da kwatami irin Birik, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Hukuma ma ta zo da nata sunan. Raɗin suna a zaure bai isa ba, sai an je ofishin magajin gari an karɓi takardar haihuwa. Iyaye da yawa sun yi sakaci da ita, sai yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare a ce ba zai zauna jarrabawa ba sai da ita, a shiga zaryar kotu. Ragon suna na kwana ɗaya ne, takardar kuwa ta rayuwa ce.

Akwai wani wuri da ilimin zamani ya gaskata tsofaffi. Sun daɗe suna cewa kowane yaro da lokacinsa. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana. Ya nuna lafiyayyen yaro yana iya fara zama da kansa tun kusan wata 4 har zuwa wata 9, tafiya kuma tun daga wata 8 har wajen wata 18. Uwar da ɗan maƙwabciya ya riga nata miƙewa ta kwantar da hankalinta. Wanda ya wuce wannan iyaka, ko ya daina abin da ya riga ya iya, shi ne za a kai a duba.

Yau ƙalubalen ya koma irin na matan farko, ta wata fuska. Birik ta cika ta batse, haya ta yi tsada, matasan ma'aurata suna kama ɗaki a unguwanni masu nisa inda ba wanda ya san su. Tsohuwar da za ta zo wanka ita ma tana da sana'arta. Ma'aikaciya tana da hutun haihuwa na mako 14 a dokar ƙwadago ta Kamaru, amma mai sayar da abinci ko ɗinki ba ta da ko kwana ɗaya sai wanda ta ba kanta. Sai ka tarar da yarinya 'yar shekara ashirin, ƙarfe biyu na dare, jariri yana tsala kuka, tana tura wa uwarta saƙon murya ta WhatsApp zuwa Marwa ko Kano. Waya tana kawo shawara, amma ba ta ɗaukar jariri uwa ta runtsa, ba ta kuma ganin kumburin ƙafa.

Idan muka bi tarihin nan daga farko, za mu ga kusan komai na jego ya taɓa sauyawa. Ganyen wanka ya sauya, zafin ruwa ya ragu, kanwa ta ja baya, ungozoma ta ba ma'aikaciyar asibiti wuri, katin riga-kafi ya shiga jakar goyo. Duk wannan bai rushe komai ba, wasu ma rai suka ceta. Abin da matan Birik na farko suka ƙi yarda ya ɓace shi ne a sami wadda za ta tsaya a kan mai jego har ta yi arba'in, ko da ba 'yar'uwarta ba ce. Su da ba su da jirgi, ba su da waya, sun iya wannan. Idan akwai mai jego a layinku wadda danginta ke nesa, kada barka ta tsaya a ranar suna. A koma rana ta goma, a koma ta ashirin, a karɓi jaririn, a tambaye ta yadda take kwana, a dubi ƙafafunta. Maza kuma su sani cewa raka ta awo da karɓo takardar haihuwa ba sa rage wa kowa girma.

Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka samu.