Saitin sirri a burauza: abin da ya kamata ku sani

Burauza ita ce manhajar da kuke shiga intanet da ita, kamar Chrome, Firefox ko Safari. Takan adana tarihin shafukan da kuka buɗe, haka su ma shafukan sukan ajiye ƴan bayanai a wayarku, waɗanda ake kira kukis. Wasu kukis na shafin ne da kansa, don ya tuna da ku. Wasu kuwa na kamfanonin talla ne, masu bin sawunku daga shafi zuwa shafi.

Gyara da hannu
A Chrome, ku taɓa ɗigo uku na sama, ku shiga "Paramètres", sannan "Confidentialité et sécurité". A nan ake toshe "Cookies tiers", wato na masu bin sawu, a kuma goge tarihi. Firefox tun 2019 yake toshe irin waɗannan kukis da kansa, kuma kuna iya tsananta kariyar. Idan wani shafi ya ƙi aiki, sai ku sassauta masa shi kaɗai.

Ƙananan manhajoji na ƙari
Akwai ƴan manhajoji da ake ɗora wa burauza, irin su uBlock Origin da Privacy Badger, duka kyauta. Suna tare talla da masu bin sawu, har forfe ya ɗan ƙara daɗewa. Sai dai Chrome na Android ba ya karɓarsu, Firefox ne ke karɓa. Ku yi hattara: irin wannan manhaja na iya ganin duk shafin da kuka buɗe, don haka kada ku ɗauko ta sai daga rumbun burauzar.

Inda ake yawan kuskure
"Navigation privée" ba layar zana ba ce. Tana hana burauza adana tarihi, wanda ya ari wayarku ba zai ga inda kuka shiga ba. Amma kamfanin sadarwa da mai Wi-Fi suna iya sanin shafin da kuka ziyarta, kuma abin da kuka sauke yana nan cikin waya.

Idan kun yi aiki da kwamfutar wani, kada ku yarda ta adana kalmar sirrinku. Ku fita daga Facebook ko imel ɗinku kafin ku tashi.