Ziyarar Hubbare da Sadakar Abinci a Tarihin Arawa

Ziyarar hubbare ita ce zuwa kabarin waliyyi don yi masa addu'a da neman albarka, kuma a ƙasar Hausa ba a zuwa hannu rabbana. A Alƙahira jama'a kan cika kewayen masallacin Husaini don buɗa baki a watan azumi, a Ajmer ta Indiya kuma tukwanen sadaka ba sa sauka. Ga Musulmin Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, wurin da ya fi kama da waɗannan yana tsallaken iyaka: Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817, aka binne shi a gidansa. Ɗansa Muhammadu Bello yana kwance a Wurno tun 1837, ƙanen Shehu, Abdullahi, kuma a Gwandu. Littattafai sun saɓa kan shekarar rasuwar Abdullahi, wasu 1828, wasu 1829.

Wadda ta fi kowa shimfiɗa hanyar ziyara ga talakawa ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, haifaffiyar 1793. Ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyoyin matan karkara masu zuwa ɗaukar karatu. Kowace tawaga tana da jagora da ake kira jaji, wadda Nana ke ɗora wa malfa da jan rawani. Ita malfar nan, kafin jihadi, alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori, kuma duk wanda ya san Arewa zai gane hikimar ɗauko alamar da mata suka riga suka saba girmamawa. Matan kan taso da ƙafa bayan an kawar da amfanin gona, ɗauke da hatsi, zuma, man shanu da saƙi, Nana kuma ta rarraba wa mabuƙata. A wannan tafiya abinci da ziyara suka haɗu, kuma kaka ce ke tsayar da lokacinta fiye da watan azumi, domin sai rumbu ya cika ake samun abin kaiwa. Da ta rasu a 1864 (wasu na rubuta 1865, amma ta farko ta fi yawa a hannun masu bincike), an binne ta kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar matan. Jean Boyd ta tattara labarin a littafinta na 1989.

Arawa, mutanen Arewa, ba su cikin sahun farko na masu ziyara. A 1849 sun mara wa Yakubu Nabame na Kabi baya, tare da Zabarmawa da Dendawa, wajen yi wa daular Sakkwato tawaye. Wuraren da suke girmamawa a lokacin su ne Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji na Baura, da dutsen Tunguma mai yanke shari'a. A Lugu ɗin ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Yarjejeniyar 1898 ta bar Matankari a ɓangaren Ingila, gyaran iyaka na 1904 ya mai da ita hannun Faransa, a 1906 aka mai da mazaunin mulki daga can zuwa Dogon Dutsi. Musulunci ya game gari ne a ƙarni na 20, ta hannun malamai da 'yan kasuwa da masu zuwa cin rani Nijeriya, kuma ta wannan hanya ce sunan Hubbare ya shiga gidajen Arawa.

Ba a daɗe ba gardama ta biyo. Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta ce neman albarka a kabari bidi'a ne, 'yan ɗariƙa suka ce tawassuli ne halattacce. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a 1988, ta rubuta yadda wannan saɓani ya raba masallatai da gidaje a garin. Ciyar da mai azumi kuwa ba wanda ya yi jayayya da shi: kunu da ƙosai da dabino suna isa ƙofar masallacin kowane ɓangare idan magariba ta yi.

Hubbaren yana nan yana karɓar baƙi, mabuƙata na zaune bakin ƙofa suna jiran sadaka. Nan aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a 2006, da Ibrahim Dasuƙi a 2016.