Motar lantarki ta girmi kakanninmu (zare)

1/ Idan aka ga Tesla ko BYD, sai a ɗauka jiya aka ƙirƙiro motar lantarki. Wallahi ta girmi kakanninmu. Ku biyo ni ku ji yadda fetur ya kayar da ita, da abin da hakan ke nufi gare mu.

2/ A 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa da mota, kuma batir ke jan motar. Wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu lantarki ne.

3/ An so ta saboda ba hayaƙi, ba ƙara. Ita kuwa ta fetur sai ka tsaya gabanta kana murɗa wani ƙarfe kafin ta tashi, in ya kuɓuce ma sai ya karya maka hannu. Hatta Clara, matar Henry Ford, motar lantarki take hawa.

4/ Sai abubuwa suka taru mata. A 1901 aka haƙo mai mai yawa a Texas, fetur ya yi araha. A 1908 Ford ya fito da Model T a kan dala 850, kafin 1925 ta sauko ƙasa da 300. A 1912 Cadillac ya kawo sitata, wahalar murɗa ƙarfe ta ƙare.

5/ Babbar matsalar kuma, yawancin ƙauyukan Amurka ba wuta a lokacin. Ina za ka yi caji? Shi kuwa fetur ko a gwangwani ka ɗauka.

6/ Batirin litiyam, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ya dawo da ita. Tesla Roadster ta fito a 2008, Nissan Leaf a 2010. Har fasalin mota ya canja: ana shimfiɗa batir a ƙarƙashin daɓe, gurbin inji ya zama wurin kaya.

7/ A 2024 kusan motoci 9 cikin 10 sababbi da aka sayar a Norway masu lantarki ne. A shekarar kuma Habasha ta hana shigo da motocin hawa masu fetur da dizal. Duka biyun da ruwa suke samar da mafi yawan wutarsu.

8/ Mu fa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya ji a jikinsa. Amma gidan da ke wuni ba wuta, matsalar ƙauyen Amurka ta 1912 yake ciki.

9/ Shi ya sa a ganina namu zai fara ne daga babur da adaidaita sahu: batirinsu ƙarami ne, sola za ta iya cika shi, ana iya musanya shi a tasha. Masu karanta injiniyanci, wa zai koyi gyaran batirin nan kafin kasuwar ta buɗe?