Daga Garwa Zuwa Tankin Bango: Tarihin Ruwan Wanka a Sabon Gari da Samaru

Kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya, dafa ruwan wanka aikin murhu ne da itace, kuma ba kullum ake yi ba, sai hunturu ya kama ko an yi haihuwa a gida. Wankan jego shi ne babban mai cin itace: kwana arba'in, safe da yamma, ana tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, mai jego tana watsa shi a jiki da ganye. Shi ya sa miji kan fara tara itacen tun kafin matarsa ta sauka. Zafin wannan wanka har likitoci ya ja hankalinsu. A shekarun 1970 Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa.

A 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano, Sabon Gari kuma ya tsiro a gefen tasha da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Jirgin ya kawo kananzir a garwa mai galan 4, wajen lita 18. Da man ya ƙare, sai a yanke bakin garwar a ɗora ta a murhu. Ƙarfenta ba kauri, don haka ta fi tukunyar ƙasa saurin tafasa, ta rage cin itace. A gidajen Turawa ma da ita yaran gida ke jido ruwan zafi su zuba a baho.

Tankin bango ta Samaru da unguwar Turawa ya shigo. An kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, aka gina kwatas masu famfo da baho da wutar lantarki. Aikin tankin ba wuya: ƙarfe mai zafi a ciki, na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, da rufin da ke hana zafi tsiyayewa. Amma an ƙera shi ne don gidan da famfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta yankewa. Lokacin da dam ɗin Kainji ya fara aiki a 1968, aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, an zaci haka za a ɗore. Da ruwa ya fara wuya, sai matsalar ta fito: a kunna tanki babu ruwa a ciki, ƙarfen ya ƙone cikin ɗan lokaci. Tankuna da yawa haka suka mutu, suna rataye a bango suna tsatsa, ga bokiti a ƙarƙashinsu.

Gidajen haya na Sabon Gari, masu banɗaki ɗaya na kowa da kowa, ba su taɓa dogara da tanki ba. Risho suka riƙe, sai daga baya hita ta zo, wadda ake tsomawa a bokiti. Ɗaliban Samaru suka rungume ta don arha. Ni dai ina tsoronta, domin wayarta kan goge, kuma yaro na iya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi, alhali tana jone.

Yanzu farashi ne ke juya lamarin. Kananzir ya fi ƙarfin talaka bayan janye tallafi, aka koma gawayi da gas. A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A, masu samun wuta mafi yawa, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, mita mai kati kuma ba ta ɓoye komai. Tanki mai lita 50, daga digiri 20 zuwa 60, yana shan yunit kusan 2 da sulusi, sama da naira 500 a wancan farashi. Bokiti mai lita 20 da aka ɗumama daidai wanka bai kai yunit 1 ba. Don haka mai tanki ya saita shi a digiri 60, inda ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa, ya kunna kafin wanka ya kashe bayansa, ya naɗe bututun da abin riƙe zafi, ya riƙa zubar da lakar da ke taruwa a gindi, sannan ya surka da ruwan sanyi. A gani na, dabarar mai garwa ce ta dawo: dafa iya abin da za a yi amfani da shi.

Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana ƙera tankin da rana ke ɗumamawa, kuma ya dace da ƙasarmu. Cikas ɗinsa biyu ne: kuɗin saye da farko, da hazon Disamba da Janairu, wanda ke rage ƙarfin rana yana kuma lulluɓe gilashin da ƙura, sai an riƙa gogewa.