Ciwon Mahaɗin Muƙamuƙi da Alaƙarsa da Lafiyar Jiki

Mahaɗin muƙamuƙi gaɓa ce da ke gaban kowane kunne, inda muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai. Da ita ake tauna da magana da hamma. Bakin baligi mai lafiya yakan buɗe har yatsu uku su shiga a tsaye. Idan ya kasa, ko haƙoran sama da na ƙasa suka daina haɗuwa daidai, sau da yawa akwai wata cuta a jiki.

Abubuwan da ke kawo shi

1. Cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, sannan ta cinye kunci cikin ƴan kwanaki. Idan ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 suna rasuwa. Wanda ya tsira, tabon kan ɗaure masa muƙamuƙi.

2. Tetanus, wanda ke shiga ta rauni ko cibiyar jariri. Sarƙewar haƙora na cikin alamominsa na farko.

3. Ruɓaɓɓen haƙori da ya tara mugunya, faɗuwa a kan haɓa tun ƙuruciya, ciwon gaɓoɓi, da cizon haƙora cikin barci.

Illarsa

Yaron da bai iya tauna tuwo sai ya koma ga kunu kaɗai. Tamowa ta ƙaru, jiki ya kasa yaƙar cuta. Ciwon kan kuma jawo ciwon kai, na kunne da na wuya.

Abin yi

Iyaye a Issawane da kewaye su riƙa duba bakin yara, su wanke shi da ruwan gishiri, su kammala allurar rigakafi. Kada a ɓamɓare baki da cokali ko icce. Da an ga kumburi, a garzaya gidan likita mafi kusa ko asibitin Mayahi ko na Tasawa, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da noma da farko. Ana yi wa waɗanda muƙamuƙinsu ya ɗaure tiyata; asibitin noma na Sakkwato, da aka buɗe a 1999, yana wannan aiki. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.