Charlie Feathers: Mawaƙin Da Ya Makara Wurin Rabon Suna

Yau za mu leƙa kudancin Amurka, mu ɗauko tarihin wani mawaƙi da yake wurin lokacin da aka haifi wani sabon kiɗa, amma da aka zo rabon suna sai aka tsallake shi.

An haifi Charlie Feathers ranar 12 ga Yunin 1932 a karkarar Holly Springs, cikin jihar Misisipi, a gidan talakawa fararen fata manoma. A wancan zamani doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da wurin cin abinci. Sai dai gona ba ta san wannan doka ba. Wanda ya koya wa Feathers kaɗa jita maƙwabcinsa ne, baƙar fata, mai suna Junior Kimbrough, wanda ya girme shi da shekara biyu kacal. Daga wurinsa ya sha kiɗan bulus, waƙar ƙunci ta baƙaƙen kudu. Daga rediyo kuma ya sha waƙoƙin ƙauyawa fararen fata irin na Hank Williams da Bill Monroe. Haɗuwar waɗannan koguna biyu ita ake kira rokabili: jita, da ƙaton goge na tsaye da ake marin tsirkiyarsa da hannu, da murya mai amsa-kuwwa.

Da ya koma birnin Memfis, sai ya zama ɗan gida a kamfanin faifai na Sun, mallakar Sam Phillips, inda Elvis Presley ya fara fitar da faifai a 1954. Sunan Feathers yana tare da na Stan Kesler a kan waƙar “I Forgot to Remember to Forget” wadda Elvis ya rera a 1955, ta kuma hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin karkara a farkon 1956. Amma inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Phillips ya ɗauki Feathers a matsayin mawaƙin karkara kawai, bai ba shi filin da yake nema ba. Sai ya yi fushi ya kai “Tongue-Tied Jill” ƙaramin kamfanin Meteor a 1956, daga nan ya wuce kamfanin King na Cincinnati, inda ya yi “One Hand Loose” da “Bottle to the Baby”. Muryarsa takan karye kamar mai shaƙuwa, ta yi ƙasa kamar raɗa, sannan ta tashi da kuka. Masana a yau suna lissafa waɗannan faya-fayai cikin mafi kyawun rokabili, amma a kasuwar lokacin ba su yi tasiri ba.

Shekara kusan ashirin ya yi yana waƙa a ƙananan gidajen rawa na Memfis. Ya riƙa cewa shi ya tsara wa Elvis salonsa, maganar da marubuta tarihi da yawa ba su gamsu da ita ba. Mu dai a ganinmu, bai buƙaci wannan da'awa ba, domin faya-fayansa sun ishe shi shaida.

Sakayya ta zo daga inda bai zata ba. Matasan Turai suka tono tsofaffin faya-fayan, aka gayyace shi Landan a 1977, ya tarar da jama'a sun haddace waƙoƙin da garinsu ya manta. Shi ma malaminsa Kimbrough sai a 1992 duniya ta san shi sosai, da kundinsa “All Night Long”. Feathers bai taɓa ɓoye wanda ya koya masa ba. Duk inda ya zauna sai ya yabe shi. Kimbrough ya rasu a Janairun 1998, Feathers ya bi shi ranar 29 ga Agusta na shekarar. Bayan shekara biyar, fim ɗin “Kill Bill” ya kai muryarsa kunnen miliyoyin da ba su taɓa jin sunansa ba.

Kasuwa ta hana shi suna, shi kuwa bai hana malaminsa ba. Wannan shi ne abin da muka fi riƙewa a tarihinsa. Mu kwana nan.