Yadda Gem Ya Shiga Ɗakin Gashin Ƙashi: Ɗan Tarihi

Yau ba gyaran waya za mu yi ba, tarihi za mu taɓa. In kana da tsoho a gida wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka san abin nan da ke sa hoton wayarka ya juya in ka kwantar da ita? Wata 'yar sensa ce mai jin motsi, kan ta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ce tushen labarin.

A watan Nuwamba 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar gem mai suna Wii. Rimot ɗinta na ɗauke da irin wannan sensa, don haka ba danna maɓalli kawai ake yi ba. In za ka buga tanis a Wii Sports, sai ka ɗaga hannu ka kai duka da gaske. A 2007 suka ƙaro Wii Fit, da wani faifai da ake hawa yana auna ƙafar da ka fi dogara a kanta. A 2010 Microsoft ta kawo Kinect, kyamara mai bin motsin jiki ba tare da ka riƙe komai ba.

Don nishaɗi aka yi su, amma likitocin gashi a Amurka da Turai suka ga wata dama. Matsalarsu kullum ita ce hannun da ya shanye yana buƙatar a maimaita motsi ɗaya sau da yawa kafin ƙwaƙwalwa ta sake koyon sarrafa shi, kuma majinyaci kan gaji ya daina. Amma in ana ƙirga masa maki, sai ka ji ya ce a ƙara. Haka Wii ta shiga asibitoci da gidajen kula da tsofaffi.

To shin gem ɗin ne maganin? Wani likita a Toronto ta Kanada, Dokta Gustavo Saposnik, ya jagoranci gwaji da aka buga a 2016. Majinyata 141 masu shanyewar jiki, duk suna karɓar gashinsu na asibiti, aka raba su biyu. Rabi aka ƙara musu Wii, rabi aka ƙara musu wasanni masu arha irin su karta da wasan ƙwallo, na tsawon mako biyu. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma masu Wii ba su fi masu karta ba.

Wannan sakamakon albishir ne gare mu a nan Giyawa, inda wuta ba kullum ba, kuma zuwa gashi Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato sai an tanadi kuɗin mota. Sirrin yana cikin maimaita motsi da jin daɗin yin sa. Darar da dattawanmu ke yi a gindin bishiya, ɗaukar ɗan kara a dasa a rami, motsa yatsu ne da wuyan hannu.

Ga abin da za ka iya yi:

1. Fara kai Baba ko Inna wurin likitan gashi, ya nuna maka motsin da ya dace. Gem ba ya maye gurbinsa.
2. Sa masa gem ɗin tuƙin mota da ake karkata waya, ya riƙe da hannu biyu har da mai ciwon.
3. A zaune zai yi, kana kusa. In ya ji zafi ko jiri, a tsaya.
4. In waya ba ta burge shi, haƙa ramukan dara ku zauna tare.

Kaɗan-kaɗan kullum ya fi da yawa sau ɗaya a mako. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.